Shekarar Farko a Jami'a: Abin da Sabon Ɗalibi Ke Tararwa

Shekarar farko a jami'o'in Najeriya, wadda ɗalibai ke kira aji ɗaya, ita ce shekarar da yaro ke fita daga hannun masu tsaro ya koma hannun kansa. A sakandare akwai ƙararrawa, akwai mai kiran suna da safe, akwai malamin da zai cika allo da rubutu a kwafa, wani lokaci ma shugaban makaranta ya san uban yaro ido da ido. A jami'a babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun da gwamnatin tarayya ta amince a ɗauki ɗalibi, don haka da yawa daga cikin masu shigowa ba su kai ashirin ba, kuma wannan ne karon farko da za su yi wata guda a wani gari ba tare da babba na gida a kusa ba. 'Yancin yakan riga dabarar sarrafa shi isowa, kuma mafi yawan matsalolin aji ɗaya daga nan suke tasowa.

Wahalar takan fara tun kafin a shiga lakca ta farko. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, kuma tun 2017 ta hanyar shafinta na intanet ake bayar da gurbi, sai ɗalibi ya shiga da kansa ya nuna ya karɓa. Daga nan sai tantancewa a jami'a: sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, hotuna, da shaidar biyan kuɗi, wanda a jami'o'in tarayya ta shafin Remita ake yi. Akwai wani ƙaramin abu a nan da ke yawan cin 'ya'yan Hausawa. Yaro ɗaya sai a ga Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta WAEC, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan gari. A aji ɗaya ba mai damuwa da wannan. Sai bayan shekara huɗu, lokacin tura sunaye bautar ƙasa, a ga bayanan jami'a ba su yi daidai da na JAMB ba, a bar mutum a gida abokansa su tafi. Gyaran da za a yi cikin mako guda a farko yakan ci watanni a ƙarshe.

Bayan wannan sai rajistar darussa. Kowane kos yana da nauyinsa, wani yunit biyu, wani uku, kuma ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita ce ɗalibi ya ɗauki tsakanin yunit 15 da 24 a zangon karatu ɗaya. Kowane aji yana da malamin da aka ɗora wa kula da shi, wanda ake kira kodineta, shi ke sa hannu a takardar. Wanda ya zauna jarrabawar kos ɗin da bai yi rajista ba ya yi aikin banza, wanda kuma ya yi rajista bai zauna ba an rubuta masa faɗuwa. Sababbin ɗalibai sun fi son tambayar 'yan uwansu sababbi, domin sun fi sauƙin tunkara, alhali duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Masauki shi ne abu na gaba. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1962, akwai ɗakunan kwana irin su Amina na mata da Ɗanfodiyo na maza a harabar Samaru, sannan masu karatun shari'a da harkokin mulki suna harabar Kongo. Jami'ar Bayero a Kano tana da tsohuwar haraba a wajen Kabuga da sabuwa a kan titin Gwarzo. Duk inda aka je labarin ɗaya ne: gadaje ba su kai yawan ɗalibai ba. Wanda bai samu ba, ko ya kama haya a unguwannin da ke kewaye, irin su Samaru ko Ɗanbare, ko ya raɓa a ɗakin wani, abin da dokar makaranta ta hana amma kowa ya san ana yi. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu sai a tarar da takwas, katifu a jingine da bango da rana, risho da tukwane a ƙarƙashin gado, wayoyi shida suna jiran soket ɗaya. Da asuba bokitai ne jere a bakin famfo, kowa ya ajiye nasa ya riƙe masa layi.

A irin wannan ɗaki ne yaron da ya tashi a Gumel ko Argungu zai fara zama da ɗan Binuwai ko ɗan Ekiti, wanda addininsa da abincinsa da lokacin barcinsa duk sun bambanta da nasa. Rigingimun ɗaki ba kasafai suke tashi a kan manyan abubuwa ba. Wa ya sha ruwan da wani ya ɗebo, wa ya kunna waƙa ana salla ko ana addu'a, wa ya kawo baƙi da tsakar dare, su ne kan gaba. Ɗakunan da suka zauna tun makon farko suka yi magana a fili a kan shara da girki da baƙi sun fi zama lafiya.

Lakca kanta wani sabon abu ce. Darussan da kowa ke ɗauka a aji ɗaya, kamar Turanci da al'adun al'ummomin Najeriya, da lissafi da kimiyya ga 'yan sashen kimiyya, a manyan ɗakuna ake yin su, ɗalibai ɗaruruwa a lokaci guda. Wanda ya makara a tsaye zai saurara, ko ta taga. Lakcara yana magana ne ba ya jiran mai rubutu, kuma abin da ya faɗa cikin awa biyu somin-taɓi ne, sauran a laburare yake. Ga wanda ya fito daga makarantar da malami ke karanta darasi da Turanci ya yi bayani da Hausa, makonnin farko suna da nauyi ƙwarai. Yakan gane kalmomin amma zancen ya wuce shi, kuma kunyar kada a yi masa dariya ta hana shi ɗaga hannu. Wannan ba ƙarancin basira ba ne, rashin sabo ne, kuma yakan ragu idan ɗalibi ya karanta batun kafin a shiga aji, ya zauna a gaba, sannan ya sake rubuta abin da ya tsinta a daren ranar tun bai huce ba. Darussan ƙarin bayani da 'yan manyan azuzuwa ke shiryawa, sau da yawa kyauta a ƙarƙashin ƙungiyoyin ɗalibai, suna cike giɓi mai yawa. Laburare irin na Kashim Ibrahim da ke Samaru kuwa, akwai waɗanda ba sa taka shi sai jarrabawa ta ƙarato, lokacin da samun kujera ya zama aiki.

Abin da ya fi cancantar a yi wa sabon ɗalibi bayani dalla-dalla shi ne lissafin maki, domin da yawa ba sa fahimtarsa sai ya riga ya yi musu illa. A tsarin maki biyar da mafi yawan jami'o'in ƙasar ke bi, wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, maki 4. 50 zuwa 59 C, maki 3. 45 zuwa 49 D, maki 2. 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifiri. Ana ninka makin da nauyin kos ɗin, a tara duka, a raba da jimillar yunit. A ɗauki ɗalibi mai kos biyu, lissafi mai yunit uku da Turanci mai yunit biyu. Idan ya ci A a Turanci da D a lissafi, ya tara 16, a raba biyar, ya tashi da 3.2. Idan aka juya, A a lissafi da D a Turanci, ya tara 19, ya tashi da 3.8. Sakamako iri ɗaya a ido, amma nauyin kos ya raba su.

Wannan matsakaicin maki ba ya gogewa a ƙarshen shekara, tarawa ake yi har ranar fita. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, mai daraja ta biyu babba daga 3.50, ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. A karatun shekara huɗu, idan nauyin darussa daidai yake kowace shekara, wanda ya gama aji ɗaya da 2.00 sai ya riƙa cin 4.00 a duk shekaru ukun da suka rage kafin ya kai 3.50. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce masa ko da zai ci A a kowane kos har ya gama. Abin takaicin shi ne darussan aji ɗaya su ne mafi sauƙi a duk karatun, da yawansu maimaicin na sakandare ne da ɗan ƙari. Kos ɗin da aka faɗi, wanda ake kira kariyoba, yana bin mutum zuwa shekara ta gaba, ya ƙara masa kaya, wani lokaci lakcarsa ta ci karo da ta sabon aji. Sannan makin kowane kos kashi biyu ne: gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango suna ɗaukar 30 ko 40 cikin ɗari, jarrabawa ta ɗauki sauran. Ɗalibin da ya tafi bikin ɗan uwa ranar da aka yi gwajin ba-zata ya zubar da makin da zai iya raba B da C.

Sai batun ciki da aljihu. A da jami'o'i ne ke ciyar da ɗalibai a farashi mai rahusa, har ƙarin kuɗin abinci ya haddasa zanga-zangar 1978 da aka fi sani da "Ali Must Go", wadda aka rasa rayuka a cikinta a Legas da Zariya. Wannan zamani ya wuce tun tuni. Yau ɗalibi da buhunsa yake zuwa: shinkafa, wake, garin kwaki, manja, yaji, ƙuli-ƙuli, taliya. Makon farko ana cin dafa-duka da kifi, makon ƙarshe garau-garau ne ko gari da sukari. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci sun tashi, jami'o'i da dama kuma sun ƙara kuɗin rajista. A 2024 aka fara bayar da bashin karatu ta asusun NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ba ruwa a kansa; ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, a ba ɗalibi naira 20,000 a wata, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Yana rage zafi, amma bashi ne. Abin da ke cinye kuɗin sabon ɗalibi ba manyan sayayya ba ne, ƙananan ne: data, hoton takardu, kuɗin adaidaita, da ciyar da abokai don kada a ce masa marowaci.

Kewar gida gaskiya ce, ko da yake samari ba sa son amsa ta. Takan zo da yamma, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutum babu mai dama masa kunu. Yawanci takan lafa bayan 'yan makonni idan an yi abokai. Ƙungiyoyin ɗaliban jiha da na ƙaramar hukuma, da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi da aka kafa a 1954, da ta Ɗalibai Kirista da ta samo asali a Gindiri a 1957, su ne wuraren da baƙo ya fi saurin samun wanda zai nuna masa hanya. Sai dai su ma suna iya cinye lokaci idan mutum ya shiga kowane kwamiti. Akwai kuma masu farautar sababbi: 'yan ƙungiyar asiri da ke zuwa da sunan kariya, masu shaye-shaye, da 'yan manyan azuzuwa da ke kewaye sababbin ɗalibai mata da sunan taimakon rajista. Ɗalibar da wani malami ko ɗalibi ya matsa mata tana da inda za ta kai ƙara, ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen ba da shawara, kuma ajiye saƙonnin waya hujja ce. Idan damuwa ta kai ga rashin barci, ƙin abinci da ƙaurace wa mutane na tsawon makonni, ta wuce kewa, asibitin makaranta ya kamata a nufa. Kuɗin asibitin yana cikin abin da aka biya lokacin rajista, amma sai wanda ya je ya buɗe kati ke cin moriyarsa.

Zangon karatu bai wuce mako 15 na lakca ba, kuma jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a shiga jarrabawa. Yajin aikin malamai yana iya tsinka shi a tsakiya, kamar na 2020 da ya ɗauki wata tara da na 2022 da ya ɗauki wata takwas, kuma idan an dawo a gurguje ake ƙarasawa. Da jarrabawa ta matso sai azuzuwa su cika da masu karatun kwana, da bargo da ruwan shayi, ana so a haɗiye aikin wata uku a dare uku. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna da amfani wajen gane salon malami, amma ba sa maye gurbin karatu. Satar amsa kuwa, wadda a wasu makarantun sakandare ake kawar da kai a kanta, a jami'a kora ce, kuma shiga da waya ko 'yar takarda ya isa a gurfanar da mutum gaban kwamiti.

Idan sakamako ya fito, wanda ya ga babu makinsa a kos ɗin da ya zauna, ko ya ga kuskure, sai ya rubuta wa jami'in jarrabawa na sashensa nan take. Wanda matsakaicin makinsa ya gaza 1.00, a wasu jami'o'in 1.50, ana sa shi a matakin gargaɗi, idan bai farfaɗo ba a shekara ta gaba a sallame shi ko a ba shi shawarar sauya fanni. Akwai ɗaliban da aka sallama amma suka ci gaba da zama a makaranta suna karɓar kuɗi daga gida saboda tsoron faɗa. Ya kamata iyaye su daina wadatuwa da amsar "karatu alhamdu lillahi", su nemi ganin takardar sakamakon zangon farko da idonsu, su kuma karɓe ta ba da faɗa ba, domin a wannan lokacin gyara yana yiwuwa.