Ƙananan Lambobin da Ke Riƙe da Binciken Likitoci

Duk wanda ya taɓa buɗe mujallar likitanci zai lura da wasu 'yan ƙananan lambobi maƙale a ƙarshen jimloli. Likita ya rubuta cewa maganin kaza yana sauke hawan jini, sai ya ɗora lamba 7. Mai karatu ya gangara ƙarshen maƙalar ya nemi lamba 7, a nan zai tarar da sunan wanda ya yi binciken, da mujallar da ta buga shi, da shekara, da shafi. Wanda ya yi shakka sai ya bi sawu ya gani da idonsa.

Ga wanda ya tashi a zauren malamai, abin ba baƙo ba ne. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi, wane ya ji daga wane har a kai tushe, kuma in aka samu mai rauni guda a jerin, maganar duka ta raunana. Jerin manazarta shi ne isnadin likitoci.

A da, kowace mujalla da nata tsarin. Idan wata ta ƙi karɓar maƙala, dole marubuci ya koma kan tafireta ya sake buga manazartan daga farko kafin ya aika wa ta gaba. Wannan wahala na cikin abin da ya sa wasu editocin mujallun likitanci suka zauna a birnin Vancouver na ƙasar Kanada a 1978, suka amince da tsari guda, aka buga shi a 1979. Zaman nasu ne ya zama kwamitin editoci na duniya da ake kira ICMJE, tsarin kuma ya ci sunan garin. Babban ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka ne ke kula da ƙa'idojin rubuta shi a yau.

Dokokin ba su da wuyar fahimta, kiyaye su ne aiki. Ana ba manazarta lamba bisa yadda suka fara bayyana a cikin rubutu, kuma wadda ta samu lamba 3 ta riƙe ta ke nan, ko sau goma aka ambace ta. Sunan iyali ke zuwa gaba, sai haruffan farko na sauran sunayen, babu ɗigo. In marubuta sun wuce shida, yawancin mujallu kan ce a rubuta shidan farko a rufe da "et al.", wato da sauransu. Sunan mujalla ma ba a gutsure shi yadda aka ga dama: New England Journal of Medicine sai dai N Engl J Med. Hatta shafuka ana tsuke su, 284 zuwa 287 ya koma 284-7. Akwai kishiyar wannan tsari, na Harvard, inda ake sa suna da shekara a cikin jimla, amma likitoci sun fi son lamba, don jimla guda kan jingina da bincike biyar, kuma sunaye biyar sai su shaƙe ta.

Likitocin da ke rubuta kundin neman ƙwarewa a asibitocin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato sun san inda gizo ke saƙa. Malami ya ce a ƙara manazarta guda a shafi na biyu, sai duk lambobin da ke bayanta su gusa, ta 12 ta koma 13, ta 80 ta koma 81. Manhajoji irin su EndNote da Zotero da Mendeley sun ɗauke wannan nauyi, suna sake jera lambobin cikin ƙiftawar ido. Sai dai abin da aka ba su shi suke fitarwa. In an shigar da shekara ba daidai ba, haka za ta fito, tsaf da waƙafinta.

Kuma tsari mai kyau ba ya hana magana karkacewa. A watan Janairun 1980, Jane Porter da Dakta Hershel Jick na birnin Boston suka aika wa New England Journal of Medicine wata gajeriyar wasiƙa mai jimla biyar kacal. Sun ce sun duba bayanan marasa lafiya 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi masu ƙarfi, dangin mofin, suka samu mutum huɗu kawai da maganin ya zame wa jaraba. Muhimmin abu shi ne mutanen nan a kwance suke a asibiti, ma'aikata ne ke ba su maganin a ƙididdige. Wasiƙar ba ta ce komai ba game da wanda aka ba ƙwaya ya tafi gida yana sha wata da watanni.

A rubuce, adireshinta ba shi da aibu: N Engl J Med. 1980;302(2):123. Shafi guda, 123, ba shi da na biyu. Mai lura zai tsaya ya tambayi kansa wane irin babban bincike ne ya ƙare a shafin da ya fara.

Mutane da yawa ba su tsaya ba. A 2017 wasu masu bincike a Kanada suka ƙirga maƙalu 608 da suka kafa hujja da wasiƙar. Kusan kashi 72 cikin 100 sun kawo ta a matsayin shaidar cewa da wuya irin waɗannan magunguna su zama jaraba, kusan kashi 81 kuma ba su ambaci cewa marasa lafiyar a kwance suke ba. Ambaton nata ya ƙaru sosai bayan fitowar maganin OxyContin a tsakiyar shekarun 1990, wanda a 2007 kamfanin Purdue mai yin sa ya amsa laifin yaudarar jama'a kan haɗarinsa. Dubban ɗaruruwan Amurkawa sun mutu a annobar da ta biyo baya. Ba za a ɗora wa wasiƙa mai jimla biyar alhakin wannan duka ba, amma alamu sun nuna da yawa daga masu ambatonta ba su taɓa buɗe ta ba, daga jerin manazartan wani suka kwafo. Wanda ya ga ɓarnar kodin da tiramadol a garuruwan Arewa ba ya bukatar a yi masa bayanin girman lamarin. Daga bisani mujallar ta maƙala gargaɗi a saman wasiƙar.

Akwai kuma binciken da aka soke amma ya ƙi mutuwa. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet, wadda ta jingina da yara 12 ta jefa shakku kan allurar rigakafin ƙyanda, an janye ta a 2010, aka kuma ƙwace lasisinsa na aikin likita a Birtaniya, duk da haka ba a daina ambatonta ba. Shi ya sa ICMJE ta ɗora wa marubuci alhakin tabbatar da cewa babu maƙalar da aka janye a jerinsa, sai fa in zancen janyewar yake yi. Zotero ma yanzu yana nuna jan gargaɗi idan aka adana irinta.

Sabuwar damuwar editoci ta zo ne bayan fitowar manhajar ChatGPT a ƙarshen 2022. Irin waɗannan manhajoji kan ƙirƙiro manazarta daga babu: sunayen masana na gaske, mujalla ta gaske, shekara da shafi a jere yadda Vancouver ya tanada, amma maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. A 2023 kwamitin ICMJE ya ce ba za a sa manhaja a matsayin marubuciya ba, wanda ya yi amfani da ita ya bayyana, kuma duk kuskuren da ta yi a wuyansa yake. Gano irin wannan jabu bai fi aikin minti guda ba. Yawancin maƙalun yau suna da lambar shaida ta dindindin da ake kira DOI, mai farawa da 10, kuma rumbun PubMed kyauta ne ga duk mai intanet. A sa lambar ko taken maƙalar a nema. In ta fito, saura a karanta ta a ga ko ta faɗi abin da aka ce ta faɗa.