Ƙaramin Ciki: Abin da Ke Faruwa a Mabiyiya

A wurin awon ciki nan Umbadda muna yawan jin ana cewa idan ciki bai yi girma ba, haihuwa za ta zo da sauƙi. Mu kam ba ma murna da ƙaramin ciki. Sau da yawa jaririn ne ba ya ƙoshi, kuma matsalar daga mabiyiya take, wadda wasu ke kira uwa.

Ta mabiyiya jariri yake samun abinci da iska. Lafiyayya takan kai kusan rabin kilo a lokacin haihuwa. Kafin ciki ya cika wata biyar, jijiyoyin jinin mahaifa suna buɗewa su yi faɗi don jinin mai ciki ya wadaci mabiyiyar. In ba su buɗe sosai ba, sai ta tsumbure, ƙananan rassan da ke tsotso abinci su yi ƙaranci, wasu wurare su mutu su zama fari-fari masu tauri. Wannan matsalar takan zo tare da hawan jini.

Zazzabin cizon sauro shi ma yana ɓata ta, kuma shi ne ya fi damun mu bayan damina. Ƙwayoyin jinin da cutar ta kama suna maƙalewa a cikin mabiyiya, bangon da abinci ke ratsawa ya yi kauri. Mace na iya yawonta ba zazzabi ba ciwon kai, alhali cutar na can ciki, musamman mai cikin fari. In ga ƙarancin jini da na abinci, kamar yadda gidaje da yawa ke fama tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, sai abin ya ƙaru.

Ido ba ya gane wannan, sai awo. Daga mako 24, tsayin ciki da santimita yakan yi kusan daidai da yawan makonninsa. In ya gaza, ungozoma za ta tura ku hoton ciki. Ku zo awo ko kuna jin garau, ku sha maganin ƙarin jini kullum, ku kwana cikin gidan sauro. Kada mai ciki ta rage cin abinci don tsoron babban jariri. Maigida, kai ma da kai muke.

Idan motsin jariri ya ragu, ko aka ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, a tafi asibiti a take, ko da dare ne.

Bayan haihuwa, a bari ungozoma ta duba mabiyiyar kafin a binne ta. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, a manna shi a ƙirjin mahaifiyarsa fata da fata, a rufe su tare, a ba shi nono cikin awa ɗaya da haihuwa.