Karantar da yara a gida: Abin da ya kamata ma'aikacin Abuja ya sani kafin ya fara

Duk wanda ya saba bin hanyar Mararaba zuwa Nyanya, ko ta Kubwa, ko ta Lugbe da sassafe ya san su: yara 'yan shekara uku zuwa biyar sanye da kayan makaranta, suna gyangyaɗi a kujerar baya, iyaye kuma na kutsawa cikin cunkoso domin su ajiye su, su isa ofis kafin ƙarfe takwas. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin zirga-zirga da na makarantun kuɗi suka yi tashin gwauron zabi, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Wannan ne ya sa tambayar da a da ake ganin ta Turawa ce ta fara shiga hirar ma'aikata da hadimai: shin ba za a iya karantar da ƙaramin yaro a gida ba?

Za a iya. Sai dai wanda ya fara da sayen tebur da allo da tulin littattafai ya soma daga ƙarshe. Akwai abubuwa uku da ya kamata a warware tukuna: abin da doka ta ce, wanda zai zauna da yaron kullum, da kuma ƙofar da yaron zai bi ya koma makaranta idan lokaci ya yi.

Iyakar da doka ta shata

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya halarci makarantar firamare da ƙaramar sakandare har ya kammala. Ta kuma tanadi hukunci: jan kunne a karon farko, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun a karo na biyu, sannan tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu ko duka biyun daga nan gaba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, tana da tanadi makamancin wannan a sashe na 15. Babu ɗaya daga cikin dokokin biyu da ta ambaci karatun gida, balle ta fayyace yadda za a yi masa rajista.

A wasu ƙasashe lamarin a bayyane yake. Dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ta ɗora wa iyaye alhakin ilimantar da yaro, a makaranta ko ta wata hanya. Afirka ta Kudu, a dokar makarantunta ta wannan shekarar, ta amince da karatun gida bisa sharaɗin a yi wa yaron rajista da hukumar ilimi ta lardi. Jamus kuwa ta haramta shi. Najeriya ba ta bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba, saboda haka duk wata shawara da aka ɗauko daga shafukan intanet na Amurka, inda ya halatta a dukkan jihohi 50, sai an auna ta da dokar gida.

Abin lura shi ne shekarun shiga firamare daga shida suke farawa. Kafin nan, uwa da uba na da 'yancin zaɓar yadda ɗansu zai koyi baƙi da ƙirge ba tare da fargabar komai ba. Daga shida zuwa sama ne ake shiga hurumin doka. Wanda ke son ci gaba bayan haka, musamman ma'aikacin gwamnati da ake sa ran ya zama abin koyi wajen bin ƙa'ida, ya kamata ya nemi shawarar lauya, ya kuma tuntuɓi hukumar ilimin bai-ɗaya ta Babban Birnin Tarayya ko ta jihar da yake zaune, domin mazauna Mararaba da Masaka a ƙarƙashin Nasarawa suke, na Suleja da Madalla kuma a Neja.

Wa zai zauna da yaron?

A nan yawancin niyya ke cin karo da gaskiya. Ma'aikacin tarayya yana bakin aiki daga takwas zuwa huɗu, Litinin zuwa Juma'a, hadimin minista ko na ɗan majalisa kuwa ba shi da lokacin tashi. Idan mata da miji duk suna aiki, barin yaro da 'yar aiki da talabijin daga safe zuwa magariba ba karatun gida ba ne, ko da an jera littattafai a falo.

Hanyoyin da ke yiwuwa ba su da yawa. Ta farko ita ce ɗaya daga cikin iyayen yana gida, ko yana sana'ar da ke barin safiyarsa a buɗe. Ta biyu, a ɗauki malami mai shaidar koyarwa ta NCE, zai fi kyau wanda ya karanci ilimin ƙananan yara, yana zuwa awa biyu a kullum alhali wani babba na gidan yana nan. Ta uku, gidaje uku ko huɗu a rukunin gidaje ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauki malama guda, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai idan yaran suka yi yawa har aka fara karɓar kuɗi daga baƙi, abin ya zama makaranta, kuma makaranta na buƙatar izinin hukuma.

Lissafin kuɗi ma sai an yi shi a kan takarda. A gefe ɗaya a rubuta kuɗin makaranta na zango uku, da na mota, da na kayan makaranta, da ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa a tsakiyar zango. A ɗaya gefen a rubuta albashin malami na wata goma sha biyu, da kuɗin littattafai, da kuma abin da aka fi mantawa da shi: albashi da fansho da ƙarin girman wanda zai ajiye aiki. Sau da yawa wannan nauyin a kan uwa yake faɗawa, don haka adalci ne a yanke shawarar tare da ita tun farko.

Al'adar mayar da gida wurin karatu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A zaure ake makarantar allo, kuma a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta shirya jajis, mata malamai na tsarin 'Yan Taru, waɗanda ke kai ilimi har cikin gidaje. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne koyarwar tana da mai ita, tana da lokaci, tana kuma da abin da ake bi daki-daki.

Me za a koyar, kuma da wane harshe?

Ba sai iyaye sun ƙirƙiro manhaja da kansu ba. Hukumar NERDC da ke Sheda, a Ƙaramar Hukumar Kwali, ita ke tsara manhajar karatu ta ƙasa tun daga matakin share fagen firamare. Samun kwafinta shi ne matakin farko, domin da ita za a auna yaron ranar da ya nemi gurbi a makaranta. Akwai kuma dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, inda ake samun darussa kyauta.

Abin da ɗan shekara huɗu ko biyar ke buƙata bai taka kara ya karya ba: ya ji magana mai yawa ya kuma yi ta, ya gane sautin baƙaƙe da wasula, ya iya ƙirga abu yana taɓa shi, ya riƙe fensir daidai, ya iya zama na ɗan lokaci yana sauraro. Murfin kwalba ashirin ya isa koyar da tarawa da ɗebewa. Rarrabe wake da gyaɗa, auna shinkafa da gwangwani, jera takalma daga ƙarami zuwa babba, duk lissafi ne.

Batun harshe shi ya fi tayar da hankalin iyaye a Abuja, inda ake auna ingancin makaranta da Turancin bakin yaro. Amma rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi: wasula biyar ne, kuma kusan kullum yadda aka rubuta haka ake furtawa. Yaron da ya kama ba, bi, bu da ka, ki, ku zai iya haɗa kalma da kansa cikin ɗan lokaci, kuma dabarar haɗa sauti da baƙi da ya koya za ta bi shi zuwa kowane harshe. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Ga wanda ke son ya haɗa da Turanci tun da wuri, tsarin Jolly Phonics da makarantu da dama a Najeriya ke bi yana koyar da sauti 42, yana farawa da s, a, t, i, p, n. Littattafan yara na Hausa kuwa ana samunsu kyauta a African Storybook da StoryWeaver, sannan ga tatsuniya da kacici-kacici a bakin kaka, ga labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam da za a iya karanta wa yaro da dare tun bai iya karatu ba.

Yadda yini zai kasance

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwaikwayon jadawalin makaranta daga takwas zuwa ɗaya. Makaranta na buƙatar waɗannan awoyi ne saboda malami ɗaya na fama da yara da yawa. Wata masaniyar ilimi 'yar Ingila, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, ta gina tsarinta a kan gajerun darussa da ba sa wuce minti ashirin ga ƙananan yara, a tashi tun hankalin yaro bai gudu ba. A aikace, zama uku da safe sun wadatar: ɗaya na sautin baƙaƙe, ɗaya na ƙirge, ɗaya na zane ko rubutu, da wasa a tsakaninsu. Idan akwai Islamiyya ko karatun coci da yamma, a lissafa shi cikin nauyin da ke kan yaron.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, da barcin awa 10 zuwa 13, kuma kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya. Wannan ma'auni ne mai amfani ga duk wanda ake tallata wa darussan bidiyo a matsayin madadin malami.

Akwai abin da makaranta ke bayarwa wanda falo ba zai bayar ba: jiran layi, rabon abin wasa, faɗa da shiri, da sauraron babban da ba uwa ba. A unguwannin da kowa ke kulle a bayan get, yaron da ke karatu a gida zai iya yin mako bai ga sa'ansa ba. Dole a shirya wannan da gangan, ta hanyar ranakun wasa da 'ya'yan maƙwabta, da fita zuwa Millennium Park a Maitama ko gidan namun daji na yara da ke Asokoro, da rakiya zuwa kasuwar Wuse ko Garki, inda yaro zai ji ciniki ya ga canji. Haka kuma malamin aji ne kan fara lura da yaron da ba ya gani ko ji sosai, ko wanda maganarsa ta yi jinkiri. Idan babu shi, wannan aikin ya dawo kan iyaye, kuma gwajin ido da na kunne a asibiti ya zama wajibi.

A bar ƙofa a buɗe

Ma'aikacin tarayya ba shi da tabbacin inda zai kwana baɗi. Takardar canjin wurin aiki ɗaya na iya kai iyali Legas ko Fatakwal, kuma aikin hadimi yana ƙarewa ne ranar da ubangidansa ya sauka. Saboda haka tun ranar farko a buɗe fayil: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da littafin da ake rubuta abin da aka koya kowane mako da kwanan wata, da samfurin rubutu da zanen yaro na kowane wata. Makarantu kan yi wa sabon ɗalibi gwaji kafin su ba shi aji, kuma wannan fayil shi ne shaidar da iyaye za su nuna. Mai burin ɗansa ya shiga kwalejin haɗaka ta gwamnatin tarayya ya tuna cewa hanyar tana bi ne ta jarrabawar da NECO ke shirya wa 'yan aji shida, don haka shekarun ƙarshe na firamare sun fi dacewa da zama a aji.

Hanya mafi aminci ita ce gwaji na zango ɗaya, wato kimanin wata uku, da yaron da bai kai shida ba. A rubuta abu huɗu ko biyar da ake son ya iya a ƙarshen zangon, a sa rana a zauna a duba. Idan yaron ya ci gaba, yana cikin walwala, mai koyarwar kuma bai galabaita ba, sai a ƙara wani zangon. Idan aka ga akasin haka, a mayar da shi makaranta ba tare da jin kunya ba, tun shekarunsa ba su wuce na ajin sa'o'insa ba.