Yadda Ake Haɗa Keke Daga Firam

Haɗa keke daga firam yana farawa ne da tsakiya, inda feda ke juyawa: a wanke gurbin, a shafa giris, a jera boris, a ɗaure. Daga nan sai ƙafar gaba da kan keke, sannan tayoyi, sarƙa, birki da sirdi.

Wurin da sabon hannu ya fi kuskure shi ne fedar hagu, domin ta hagu ake ɗaure ta. Wanda ya matsa mata ta dama zai cinye zaren.

A Yelwa da Wara, inda keke ke dakon kifi da albasa kan yashin bakin Tafkin Kainji, yashi ne maƙiyin boris. Shi ya sa masu gyara ba sa rowar giris.