Me Ya Sa Sikila Ba Ta Nuna Kanta Sai Jariri Ya Kai Wata Shida?

Uwargida, iyaye mata daga Basawa, Samaru da Sabon Gari kan yi wannan tambaya a wajen awo: yaya za a ce yaro na da amosanin jini, wato sikila, alhali ya yi wata biyar lafiya ƙalau?

Tun yana ciki, jariri na da irin nasa sinadarin jini mai ɗaukar iskar numfashi, wanda likitoci ke kira HbF. Wannan sinadari yana hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje. Bayan haihuwa jiki kan rage yin sa sannu a hankali, ya koma yin na manya. Idan yaron SS ne, na manyan nan da ya gada shi ne mai matsalar. Shi ya sa kumburin hannu da ƙafa ke fara bayyana wajen wata shida.

To, wa ke rufe HbF? A 2008 masana a Boston ta Amurka suka nuna cewa wani furotin mai suna BCL11A ne ke danne ƙwayar gadon da ke yin sa. Shi ma akwai masu zuga shi. Cikin jiki akwai wasu furotin da ake kira kinas, aikinsu manna wa 'yan'uwansu ɗan sinadarin fosfet domin su sauya aiki. A 2018 aka gano cewa ɗaya daga cikinsu, HRI, yana tura saƙon da ke ƙara yawan BCL11A. Da aka rage HRI a ɗakin gwaji, sai BCL11A ya ragu, HbF ya ƙaru, lanƙwashewar ƙwayoyin jini ta yi sauƙi.

A 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ke raunana BCL11A, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. A ganina abin da ya fi kusa da mu shi ne hydroxyurea, wanda shi ma ke ƙara HbF. Likita kaɗai ke rubuta shi, kuma idan kina shan sa kika samu juna biyu, ki gaya masa nan da nan.

Idan ke da maigida duk AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar SS. Kada lafiyar watannin farko ta ruɗe ki. Ki nemi a gwada jinin jariri tun kafin alamu su fito, ki riƙa kwantar da shi cikin gidan sauro, ki cika masa rigakafi. Idan jikinsa ya yi zafi, a kawo shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.