Allurar Bijimi a Jikin Kare

Duk wanda ya san ƙasar da ta kwanta a kudancin Sakkwato, tun daga Dogon Daji da Sanyinna da Jabo a yankin Tambuwal har zuwa Kuchi da Margai a yankin Kebbe, ya san cewa ko da yake jama'a ba su cika ambaton kare da alheri ba, makiyayi a rugarsa da mafarauci a dajinsa da manomi a bakin gonarsa ba su da mai gadin da ya fi shi amana. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta ajiye shi saboda waɗannan buƙatu uku, kuma hadisi ya inganta a kan mutumin da Allah Ya gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa. Saboda haka wanda ya ga ƙazuwa ta cinye gashin karensa, ko kaska ta cika masa kunne, ya tashi neman magani, niyyarsa kyakkyawa ce, kuma a wajen awo ne musibar take shigowa.

Maganin da aka fi kai hannu gare shi shi ne aibamektin, wanda masu shaguna da masu baza kwalabe a kasuwar dabbobi suka fi sani da Ivomec. Asalinsa wata ƙwayar halitta ce da Satoshi Omura ya samo a cikin ƙasar Japan, William Campbell ya yi aiki a kanta a Amurka, aka fara sayar da shi domin dabbobi a 1981, su biyun kuma suka sami kyautar Nobel a 2015. Shi ne kuma ake raba wa mutane da sunan Mectizan tun 1987 domin makantar bakin kogi. Ni'ima ce babba, ba mai musu.

Sai dai kwalbar da ke rataye a bukkar makiyayi an haɗa ta ne bisa nauyin shanu, mililita 1 ga kowane kilo 50, ta yadda bijimi mai kilo 250 zai ɗauki mililita 5, alhali kare mai kilo 15, in ma likita ya yarda a yi masa, rabonsa bai kai sulusin mililita ɗaya ba. Idan aka gama yi wa garke allura da yamma, yaro ya riƙo kare ta wuya, aka zuƙo abin da aka saba zuƙowa a sirinjin nan babba wanda lambobinsa suka goge, aka ce "a ɗan sa masa shi ma," to an ɗura masa ninki 16 da ɗoriya.

Hikimar Ubangiji ta sanya wani shamaki tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda yake mayar da maganin baya, shi ya sa yake shanye jijiyoyin tsutsa ya bar dabba lafiya. Amma in ya yi yawa sai ya rinjayi shamakin, musamman ga ɗan kwikwiyo. A 2001 masu bincike a Jami'ar Jihar Washington suka gano cewa wasu karnukan kiwon tumaki na Turai, irin su Collie, suna gadon rauni a wannan shamaki, har kaɗan ma yakan kayar da su. Bayan 'yan sa'o'i da yin allurar da ta wuce kima sai a ga baƙin ido ya buɗe, miyau yana dalala, kare yana tangaɗi yana karo da turke domin ba ya gani, daga nan sai rawar jiki da doguwar suma. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne alamun suna kama da na haukan kare, sai matasa su taso da sanduna kafin a tambayi abin da aka ba shi jiya. Tsoron nasu yana kan hanya, gama haukan kare kisa yake yi. Abin da ya dace shi ne a killace dabbar, kada a sa hannu a bakinta, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi.

Wannan guba ba ta da makari, sai jinya: ƙarin ruwa ta jijiya, da juya shi daga gefe zuwa gefe, da haƙuri na kwanaki ko makonni, kuma da yawa sukan tashi har ganinsu ya dawo. Ɗura madara ko manja ga wanda ya suma yana iya shaƙe shi, in kuwa ta baki ya sha maganin, maiƙo ƙara masa shiga jini yake yi. Haka ƙwayar albendazol da ruwan lebamizol na tumaki, kowanne da tasa illar ga kare, na farko a ɓargo, na biyu a jijiyoyi. Wanda abin ya sami karensa ya ɗauki kwalbar da sirinjin, ya tuna lokacin da aka yi allurar, ya nufi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, in ya tsananta kuma ya kama hanyar Sakkwato zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.