Gaskiya ko Jita-jita: Hoton kaya da cinikin waya a Gaya

Duk wanda ya san Gaya ta Nijar ya san garin ciniki ne. Ga Malanville ta Benin a tsallaken kogin Kwara, ga Kamba ta jihar Kebbi a kusa, ga hanyar Dosso mai wucewa Yamai. Atamfa da shadda da gwanjo da takalma da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano sun daɗe suna bi ta nan. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, kuma Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe ko bayan da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage mata takunkumi a Fabrairun 2024, zirga-zirga ta yi wuya. Mai sayen da a da yakan zo ya taɓa kaya da hannunsa, yanzu sau da yawa hoto kawai yake gani a waya. Hoton nan shi ne rumfar, shi ne kuma bakin mai kaya. Ga wasu maganganu da ake yawan yi a kansa, da abin da ke gaskiya a cikinsu.

"Hoto mai nauyi ya fi jawo ciniki." Jita-jita.

Hoton da kyamarar waya ta ɗauka kai tsaye yakan kai mega uku zuwa biyar. Faɗin fuskar yawancin wayoyin da ke hannun jama'a bai wuce ɗigo 720 ko 1080 ba, don haka mafi yawan nauyin nan ido ba ya amfana da shi. Idan aka rage hoton ya dawo kilobayit 200 ko 300, mai kallo a waya da wuya ya ga bambanci. A aljihunsa zai ji bambancin. Wanda ya sayi 'yan megoginsa da kuɗin cefane, yana ƙauye inda rezo ke zuwa yana tafiya, ba zai zauna yana kallon da'ira tana juyawa ba. Wani bincike da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Mai kanti a intanet ya rage hotunansa tun kafin ya ɗora su, ya kuma ajiye na asali a gefe don mai son ƙarin gani.

"WhatsApp yana ɓata hoto." Gaskiya ne, amma da magani.

Manhajar tana matse hoto don ya yi saurin tafiya, kuma matsewar tana cin ƙananan zane-zane kamar saƙar leshi ko aikin wuyan riga. A watan Agustan 2023 an ƙaro zaɓin HD, wanda ke rage asarar. Wanda ke son hoto ya isa yadda aka ɗauke shi sai ya tura shi a matsayin takarda. Babbar ɓarnar tana faruwa ne a hannun dillalai: mai kaya ya sa a sitatus, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, ya tura wa na uku, shi ma ya sake ɗauka. Kafin hoton ya isa Dogon Dutsi ko Birnin Kebbi ya dusashe kamar zanen da ya sha wanki. Mai aiki da dillalai ya riƙa tura musu hoton asali da kansa.

"Launin da na gani a wayata shi mai saye zai gani." Jita-jita.

Wannan ita ce maganar da ta fi haddasa rigima tsakanin masu sayar da tufafi da abokan cinikinsu. Fuskar kowace waya da yadda take nuna launi, kuma kyamara tana yin nata gyaran gwargwadon hasken wurin. A 2015 duniya ta rabu biyu a kan hoton wata riga daga Birtaniya: wasu suka ce fara ce da ruwan zinariya, wasu suka ce shuɗiya ce da baƙi. Rigar shuɗiya ce da baƙi, hasken da aka ɗauke ta a ciki ne ya rikita idanu.

Shadda ta fi kowane yadi wahalar ɗauka a hoto saboda sheƙinta. Na taɓa zama a rumfar wata mai sayar da ita ina kallon yadda take yi. Ba ta ɗauka a tsakar rana, ba ta kunna fitilar waya. Da hantsi take fito da yadin bakin ƙofa inda inuwa take, ta goge idon kyamarar da gefen mayafinta saboda ƙurar hunturu, ta shimfiɗa shaddar a kan farin ƙyalle, ta ɗauka sau uku: ɗaya daga nesa, ɗaya dab da saƙar, ɗaya kuma yadin yana kan hannunta don a ga kaurinsa. Sannan ta rubuta sunan launin da baki: ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro. Ta ce mini, "Ɗana, gara mutum ya ce kayan sun fi hoton kyau da ya ce hoton ya fi kayan." Manyan kasuwannin intanet ma a kan wannan suke: Amazon yana buƙatar babban hoton kaya ya kasance a kan farin fili tas, don kada wani launi ya gurɓata na kayan.

"Ba laifi a ɗauko hoton kamfani a sa." Jita-jita.

Hoto yana da mai shi, kamar yadda zanen atamfa yake da mai shi. Amma ko an ajiye batun haƙƙin mallaka, akwai batun amana. Idan ka ɗora hoton Holan ta Vlisco, kamfanin da ke Helmond tun 1846, alhali abin da ke rumfarka kwaikwayo ne, ka yi algus, ko da farashinka na kwaikwayon ne. Malamanmu sun sha faɗa cewa ɓoye aibin kaya yana cire albarkar ciniki, kuma hukuncin bai canja ba don cinikin ya koma waya. Masu saye ma sun waye: da manhajar Google Lens mutum zai gano inda aka kwaso hoto cikin minti ɗaya. Mai gwanjo ya ɗauki tabo ko ɗinkin da ke jikin riga ya nuna. Mai tsohuwar waya ya nuna tsagar gilashi. Wanda ya saya da saninsa ba ya dawowa da faɗa.

"Ɓoye farashi yana sa a yi maka magana." Rabin gaskiya.

Wasu za su tambaya, amma da yawa za su wuce shiru, suna zaton kayan sun fi ƙarfinsu ko kuwa kowa da nasa farashin. A Gaya akwai ƙarin dalilin bayyana kuɗi ƙarara. Nijar da Benin sefa suke ci, Najeriya naira. Bugu da ƙari, bakinmu da dalar sefa yake ƙirga, rubutu kuma da faran: wanda ya ce "ɗari biyu" yana nufin jika ɗaya, wato faran 1000, alhali baƙo daga Kano zai ɗauka naira 200 ake nufi. A rubuta adadi da lamba, a rubuta sunan kuɗin, a faɗi ko na turmi ne ko na yadi. Kuɗin mota ko na kwalekwale ma a faɗe shi tun farko. Cibiyar Baymard ta Denmark ta tattara bincike da yawa ta gano kusan kashi 70 cikin 100 na masu zuba kaya a kwandon kantin intanet ba sa ƙarasa biya, kuma babban abin da ke korar su shi ne ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe.

"Idan mai saye ya kasa amfani da shafi, rashin wayewarsa ne." Jita-jita.

Yawancin manhajojin kanti an ƙera su ne don wasu ƙasashe. Suna neman imel, lambar unguwa ta gidan waya da katin banki, da Faransanci ko Turanci. Mutumin Gaya yana jin Hausa, Dendi ko Zabarmanci, adireshinsa kwatance ne, bayan masallaci ko kusa da tasha, kuɗinsa kuma ta Nita, Amana ko Airtel Money yake aikawa. Shafin da bai san da wannan ba shi ne ya gaza. Gwajin mai sauƙi ne: ka miƙa wa innarka wayar, ka ce ta nemo takalmi ta saya, kai kuma ka yi shiru kana kallo. Duk inda ta tsaya tana laluben abin dannawa, nan gyara yake.

Ƙaramin ɗan kasuwa ma ba dole sai ya buɗe shafi ba. Tun Nuwamban 2019 WhatsApp Business yana da katalog da ke ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotunansa da farashinsa, kuma ba ya ɓacewa bayan awa 24 kamar sitatus. Ka ba kowane kaya lamba a jikin hoton, don mai aiko saƙon murya ya ce "ta goma sha biyu nake so" a fahimce shi. Abin da ya ƙare kuma a cire shi a ranar.

A kasuwa, mai saye yana murza yadi, ya ɗaga shi a rana, ya shinshina. A waya duk wannan ya bar maka shi, ya aiko kuɗinsa tun daga Tahoua ko Sakkwato bisa abin da ka nuna masa. Kafin ka danna aikawa, ka ajiye wayar kusa da kayan ka dubi duka biyun. Idan ba su yi kama ba, sake ɗauka.